Tasawa da Mayahi cikin ɗari: siminti ma yana jin ƙishirwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Maradi ya nufi Damagaram tsakanin watan Disamba da na Fabrairu, in ya wuce Cadawa da Agye da Gazawa ya iso Tasawa, abu biyu za su tarye shi tun daga bakin gari. Na farko hazo ne, wanda ke lulluɓe rana har mutum ya dube ta ido da ido ba ta kashe masa gani ba. Na biyu kuwa tulin yashi da tsakuwa da birgin siminti, wanda maƙwabtanmu na kudu ke kira bulo, jere a ƙofar gidaje da gefen tasha da bayan kasuwa. Lokacin gini ke nan. An kai hatsi rumbu, an saida wake da riɗi da gyaɗa, ƴan ci-rani sun soma aiko da abin da Allah ya hore musu daga Kano da Legas da Agadas da Libiya, ma'aikacin gwamnati kuma ya karɓo ɗan bashinsa na banki. Kowa na son ya ga an rufe ɗaki kafin hadarin farko ya taso daga gabas.

Mun zaga waɗannan gundumomi biyu na jahar Maradi, Tasawa da Mayahi, cikin irin wannan lokaci. Abin da muka fi lura da shi bai taka kara ya karya ba a idon mai wucewa, amma kuwa yana cin miliyoyin kuɗin jama'a a ɓoye: ana zuba siminti, ba a shayar da shi.

Garin da ya fito daga cikin tabkunansa

Tasawa tsohon zango ne na fatake. Nan ayarin gishiri na Abzinawa ke sauka kan hanyarsu ta zuwa Katsina da Kano, kuma tare da irin wannan ayari ne Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya iso garin cikin watan Janairu na shekara ta 1851, tsakiyar ɗari kamar yanzu. Wanda ya shiga tsofaffin unguwanni zai ga tabkuna da kududdufai tsakanin gidaje, masu cika maƙil da damina su janye da rani. Da yawa daga cikinsu ramuka ne da aka yi ta ɗibar ƙasa ana gina gari, kaka da kakanni, har rami ya zama tabki.

Ginin laka yana da dokarsa, kuma magina na gado sun san ta kamar yunwar cikinsu. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a dunƙula tubali ko a buga birgi, a shanya. Rana da iskar hunturu su ne abokan aiki, domin laka da bushewa take yin ƙarfi. In an ɗora layi biyu ko uku na bango sai a dakata ya sha iska kafin a ƙara. Shi ya sa tun tale-tale aka ajiye gini sai bayan kaka.

Da siminti ya shigo, sai muka riƙe lokacin, muka kuma riƙe dokar laka muka ɗora masa. Nan gizo ke saƙa. Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake yi da ruwa su zama dutse, kuma wannan haɗuwa tana tafiya sannu a hankali, kwana da kwanaki. Cikin mako guda kankare, wanda masu aikin gini ke ce ma beto, kan kai kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma sai ya cika kwana 28 injiniyoyi ke auna shi su ce ya isa. In ruwan da ke cikinsa ya gudu kafin lokaci, aikin ya tsaya ke nan a inda ya kai. Kankaren da aka bari a iska tun ranar farko ba a jiƙa shi ba yakan tsaya wajen rabin ƙarfin wanda aka dinga shayarwa. Ashe ke nan mai gida ya biya kuɗin buhu goma, ya tashi da ƙarfin buhu biyar.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Simintin da ake gani a kantunan Tasawa ko dai daga Malbaza ya fito, cikin jahar Tawa, inda ƙasarmu ke da masana'anta tun shekarun 1960, ko kuma ya ƙetaro iyaka daga Najeriya. Ƴan kasuwa ba su manta da karyewar darajar sefa ta watan Janairu 1994 ba, ko rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ko takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023. Kowane karo kayan gini sun ji a jikinsu, mai gini kuma ya ji a aljihunsa.

Inda ƙasa ke daskarewa

Domin mu gane ciwonmu da kyau, bari mu leƙa wurin waɗanda ɗarinsu ya ninka namu. A nan, da asubahin Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 12 ko 13, mu duƙunƙune cikin bargo muna jin wuta. A ƙasarmu sai can arewa, bisa duwatsun Abzin da cikin Tenere, ruwa kan kwana ya yi ƙanƙara wani lokaci. Amma a Kanada da Rasha da arewacin Amurka, ƙasar da ake takawa ita kanta ke daskarewa, tun daga sama har zurfin mita guda ko fiye. A jahar Minesota ta Amurka doka ta tilasta a saukar da tushen gida mita 1 da ƴan kai a kudancin jahar, mita 1 da rabi a arewacinta, domin a wuce inda sanyi ke kaiwa.

Dalili shi ne ruwa in ya zama ƙanƙara yakan kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100. Ƙasa mai danshi in ta daskare sai ta taso, ta yi tauri kamar fa, diga ma tsalle take yi a kanta. Wanda ya ruɗu da wannan tauri ya zuba kankare, to ranar da zafi ya dawo ƙanƙara za ta narke, ƙasa ta koma taɓo ta zauna, gini ya bi ta ya tsage. Ban da haka, ƙasa mai sanyi tana tsotse ɗumin ɗanyen kankare. Ƙasa da digiri 5 haɗuwar siminti da ruwa kusan tsayawa take yi, in kuwa ruwan cikinsa ya daskare a daren farko, yana iya asarar rabin ƙarfinsa har abada. Ƙanƙara da kankare sun yi kama a baki, amma ba su ga maciji da juna.

Saboda haka maginan waɗancan ƙasashe ba su zuba komi sai sun narkar da ƙasa. A da wuta suke hurawa, su shimfiɗa gawayin kwal ko itace bisa filin, su rufe, ya kwana yana ci. Yau wata tukunya ce bisa tirela mai aiki da gazuwal, tana dafa ruwa gauraye da maganin hana daskarewa irin wanda ake zuba ma injin mota. Ruwan na zagayawa cikin dogon tiyo da aka shimfiɗa bisa filin layi-layi kamar kunyar gona, a rufe da leda, a ɗora manyan barguna masu riƙe zafi. In komi ya yi daidai ƙasa kan narke kimanin santimita 30 a yini, ke nan mita guda da rabi sai a share mako ana ƙona mai dare da rana, ba a ɗora birgi ko ɗaya ba. Bayan an zuba kankaren kuma sai a maida barguna a kansa kwanaki, kamar mai jego da jaririnta. A birnin Yakutsk na Saberiya, inda ƙasa ba ta narkewa ko da bazara in ban da ɗan samanta, dabarar ta juye: bisa dogayen ginshiƙai ake ɗaga gidaje, iska na wucewa ta ƙarƙashi, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da abin da ke ɗauke da shi.

Waɗannan mutane sun yarda su kashe mako guda da tulin kuɗi kan abin da ba ya ganuwa a hoto ranar buɗe gini. Sun san abu biyu: kada a amince da taurin ƙasa na lokaci guda, kuma kada a bar ɗanyen kankare tsirara a makonsa na farko. Dokokin nan biyu suna aiki a Tasawa da Mayahi daidai yadda suke aiki a Minesota, sai dai maƙiyin ne ya sake kama.

Ƙasarmu ma tana ruɗi

A bakin tabkunan Tasawa ƙasa mai yumɓu kan bushe da rani ta tsattsage, ta yi taurin da sai da diga. Da ruwan Agusta ya sauka sai ta sha ta kumbura ta yi laushi. Akwai kuma filayen da asalinsu kududdufi ne aka cike da shara da toka, aka daidaita sama, aka saida. A jigawa kuwa, wadda ita ce mafi yawan ƙasar gundumomin biyu, yashin da iska ta tara sako-sako yake, yana ɗaukar nauyi muddin yana bushe, amma in ruwa ya ratsa shi karon farko sai ya zauna. Shi ya sa ake ganin ɗakin da aka gama cikin Fabrairu lafiya lau, a wayi gari cikin Satumba tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta nufi rufi.

Maganin bai buƙatar tukunyar gazuwal. A haƙa tushe har a wuce ƙasar noma da ta shara a tarar da ƙasa ta asali. A jiƙa ramin sosai, a daddaɓe shi, abin da zai zauna ya zauna tun yanzu. Ƙasar cikon daɓe a zuba ta kaɗan-kaɗan, kamar tsawon taƙi ɗaya, a yayyafa ruwa a daddaɓe kafin a ƙara wata. Kuma ana gobe za a zuba kankare a sake jiƙa wurin, domin busasshen yashi na tsotse ruwan kwaɓi ta ƙasa kamar yadda iska ke sha ta sama. Su can suna narkar da ƙasa kafin su zuba, mu nan shayar da ita ya kamace mu.

Mayahi, inda ruwa ke da kuɗi

Daga Tasawa in aka yi arewa maso yamma, aka bi ta Kanambakashe, kimanin kilomita 40 ne a miƙe zuwa Mayahi. Hanya ce ta gonakin gero da aka girbe, da kara a tsaye, da itatuwan gawo waɗanda ke yin kore shar a lokacin da kowane icce ya kaɗe. Garin Mayahi na zaune a gefen Gulbin Kaba, tsohon kwari da ruwa ya daina gudu cikinsa sai abin da ba a rasa ba, wanda ya samo sunansa daga kabar goriba da mata ke saƙa tabarma da igiya da ita. Cikin kwarin ruwa na kusa. Amma da an hau tudu aka nufi ƙauyukan Gidan Amumun ko Cake ko Isawan, sai rijiya ta yi nisa: mita 40, mita 50, wani wuri fiye, har sai an ɗaura ma sa ko raƙumi igiyar guga ya yi tafiya mai tsawo kafin wasaki ya leƙo.

A irin wannan wuri ruwan gini saye ake yi, tano-tano bisa amalanke ko bido-bido a bayan jaki. Ɗan kwangilar da ya sa kuɗin siminti da ƙarfe da katako cikin lissafinsa, sau da yawa bai sa kuɗin ruwan shayarwa na mako guda ba. In aka zo wurin tsimi kuwa, abin da ba ya ganuwa shi ake fara yankewa.

Duk da haka a nan ne mafi kyawun shaida take. Tsofaffin rijiyoyin siminti da ma'aikatar OFEDES ta gina, wadda aka kafa a shekara ta 1963 domin samar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, da yawansu suna nan suna aiki, da faɗinsu na mita 1 da santimita 80, bakinsu duk zanen igiya. An ba su siminti daidai awo, wannan gaskiya ne. Amma kuma kankaren cikin rijiya ya yi kwanakinsa na farko cikin inuwa da danshi, inda iskar hunturu ba ta kai gare shi. Sai ka tarar da rijiyar da ta girmi mai garin yanzu a sarauta tana tsaye, ga kuma dakalin famfo na shekaranjiya a gefenta ya soma marmashewa.

Lissafin iska

Da tsakar ranar Janairu zafi kan kai digiri 30, danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga iska na kaɗawa daga arewa maso gabas. Leɓe na tsagewa, kanta na fashewa, rigar da aka shanya ta bushe kafin a gama wanke ta biyu. Injiniyoyi sun ƙayyade cewa in fuskar ɗanyen kankare tana asarar lita guda a kowace murabba'in mita cikin awa ɗaya, to tsagewa na tafe, kuma yini mai iska na hunturu yana kai wannan awo. A ɗauki ajin lakwal mai mita 9 bisa 7: daɓensa murabba'in mita 63 ne, wato iska na iya kwashe masa sama da bido biyu masu lita 25 kowace awa.

Da maso ya ga kwaɓi na saurin ƙamewa, sai ya ƙara masa ruwa don ya yi daɗin aiki. Wannan kuma wata ɓarna ce. Buhu mai kilo 50 bai buƙatar fiye da kimanin bido guda na lita 25 a wurin kwaɓi, kuma ruwan da ya wuce haka hanyoyi yake bari cikin kankare in ya fita. Ruwa kaɗan a kwaɓi, ruwa mai yawa bayan ya kama: mu kuwa mun juya abin.

Sanyin dare ma na da nasa rabo. Bai kai ya daskarar da komi ba, amma yana rage saurin kamawa, har ginshiƙin da zai yi ƙwari cikin kwana kaɗan a watan Afrilu ya buƙaci ƙarin haƙuri a Janairu. Ga shi kuwa katako na haya ne, wani aiki na jiransa. Mai gida ya matsa: "Malam maso, a cire mana katakon nan mana, azumi ya matso." Maso ya amsa: "To, Alhaji, yadda ka ce." Alhali tokaran da ke ƙarƙashin rufin kankare bai kamata a taɓa su ba kafin mako uku.

Bargon da muke buƙata yana nan a kowane gida: tsofaffin buhunan siminti ko na hatsi a jiƙa, tabarmar kaba, karan gero, ko yashi mai danshi a baza bisa daɓe, a ɗora leda in da hali. A yi zubi da la'asar sakaliya domin kankare ya kwana cikin sanyi, a kafa zana ta gefen da iska ke fitowa, a shayar safe da yamma kwana bakwai ba fashi. Birgi kuma a buga shi a inuwa, a rufe, a shayar da shi mako guda, kada a ɗora shi bisa bango kafin ya yi mako biyu ko uku.

Abin da ke kan faifai

Wani zai ce wannan zancen magina ne. A'a, zancen ƴaƴanmu ne. Ranar 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal cikin birnin Maradi, yara fiye da 20 suka rasu, watanni kaɗan bayan irin wannan masifa ta auku a Yamai cikin Afrilu na shekarar. Tun daga nan kowa ya yarda dole a fita daga runfunan kara a koma ginin siminti. Sannan daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta kashe mutane kusan 400 a faɗin ƙasa, jahar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin laka na Birnin Damagaram ya faɗi cikin Satumba, aka ɗage komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba, gwamnati kuma ta rage kuɗin siminti domin jama'a su sake gini. Ma'ana, siminti mai yawa ke shiga ƙauyukanmu. In an zuba shi bisa dokar laka, bayan ƴan shekaru za mu koma neman kuɗin gyaran abin da ba mu gama biyan bashinsa ba.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kwaminoni ke ba da kwangilar azuzuwa da ɗakunan likita da runfunan kasuwa, daga Korgom da Hawandawaki da Urafan har Sarkin Hausa da Atantane. Ya ku ma'aikatan da ke sa hannu a takardar karɓar aiki, ranar karɓa fenti ne kawai ke magana. Ziyarar da ke da amfani ita ce ta kwana na uku bayan zubi: a je ba sanarwa, a taɓa daɓe a ji ko da danshi, a duba ko akwai tano cike a wurin. A rubuta kuɗin ruwan shayarwa layi na kansa cikin takardar kwangila, yadda ba wanda zai ce bai sani ba. Kuma kada a saki kuɗin jingina na shekara guda sai damina ta wuce an ga abin da ƙasa ta yi.

Ku kuma alhazai da ke gina kanti ko gidan haya ko masallaci domin neman lada, kun fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. Ginshiƙi da rufin kankare buhu bakwai suke ci a kowace mita mai cikin ɗaki ɗaya, wato kilo 350. Buhun da ya kamata ya fidda birgi kamar talatin, in aka matsa masa ya fidda arba'in da ɗoriya, yatsa ma na iya karce shi. Mai saida siminti kuma ya ɗora buhunansa bisa katako nesa da bango, ya fidda tsoho kafin sabo, domin buhun da ya yi watanni a ajiye ƙarfinsa raguwa yake yi. Kuɗin ƴan garuwa na mako guda bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya ba.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da za a gani da damina mai zuwa, a Tasawa ko a Mayahi, cikin makon nan na ɗari ake yin ta ko a hana ta. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya kai mu damina lafiya.